Tsohuwar MGB ɗina: ba inji ne yake cin kuɗi ba

Duk wanda yaji ina riƙe da motar da aka ƙera a 1972 tambayarsa ɗaya ce, "inji fa, baya baka wahala?" Mutanenmu kenan, mu dai inji muka sani, in zamu sayi mota a buɗe bonet a tada a saurara, a zagaya baya a leƙa salansa ko tana hayaƙi, shikenan an gama bincike sai ciniki. To ni dai a 'yan shekarun da nayi da MGB a nan Ingila abinda na gani shine inji ne na ƙarshe a cikin abubuwan da zasu hanaka barci. Abu biyu ne suke kashe irin wannan motar, tsatsa da ajiya, sauran duk tarkace ne da zaka iya yi da hannunka ranar Asabar in dai baka ƙyamar baƙin mai.

Ga wanda bai santa ba, MGB 'yar ƙaramar mota ce mai kujera biyu, rufinta na tamfol ne da ake naɗewa a mayar baya, dogon hanci gajeren baya. A garin Abingdon kusa da Oxford aka riƙa haɗata daga 1962 har zuwa Oktoban 1980 da aka rufe masana'antar, kuma in aka haɗa da 'yar uwarta mai rufin ƙarfe wato GT sun haura rabin miliyan, mafi yawansu Amurka aka kai. Inji silinda huɗu ne 1798cc, kafireto biyu ƙirar kamfanin SU, ƙarfin doki wajen 95. Kada sunan motar sifot ya ruɗeka, kowace ƙaramar mota ta yanzu da matan unguwa ke kai yara makaranta da ita zata wuceta a danja ta barta tana haki. Daɗinta ba a gudu yake ba. Zaman ne a ƙasa sosai, in ka miƙa hannu ta saman ƙofa ka kusa taɓa kwalta, ƙafafunka a miƙe, iska na dukanka, kana mil 50 amma jikinka na gaya maka kana ɗari.

Na zaɓeta ne saboda kayan gyara, ba wai don tafi sauran kyau ba. Akwai motocin zamaninta da suka fita kyau da tsada amma in wani ɗan ƙarfe ya karye sai kayi wata da watanni kana cigiya. Ita kuwa saboda yawan da aka ƙera kusan babu abinda ba'a sake yi sabo, daga noti har gilashin gaba, kayi oda yau gobe ko jibi mai kawo saƙo ya buga maka ƙofa. Tawa mai bambar ƙarfe ce mai ƙyalli. Daga ƙarshen 1974 dokokin Amurka suka sa aka maƙala musu wata ƙatuwar baƙar bamba ta roba aka kuma ɗaga motar sama kaɗan, masu ra'ayin riƙau basa sonsu shi yasa sunfi araha, amma ni gaskia bana raina su, wanda kuɗinsa bai kai ba ya sayi mai robar mai lafiyayyen jiki yafi ya sayi mai ƙyalli ruɓaɓɓiya.

Ranar da zanje dubawa da wani dattijo maƙwabcina muka tafi, Bature ne ɗan fansho wanda ya riƙe irinsu tun yana saurayi. Abinda ya ɗauko ya bani dariya, ɗan maganaɗisu irin na jikin firij, tocila, sukundireba da kwalin da zai shimfiɗa ya kwanta. Muna isa mai motar ya taho da makulli yana washe baki zai tada mana inji muji, dattijon nan ko kallon bonet baiyi ba, ya shimfiɗa kwalinsa ya kwanta a gefen ƙofa ya fara ƙwanƙwasa ƙasa. Anan ya min bayanin da har yau dashi nake aiki. Motar nan bata da casis daban irin na akori kura da ake ɗora jiki akai, jikin ne kansa casis ɗin. Mota mai rufin ƙarfe rufin yana taimakawa wajen riƙe gaba da baya, wannan kuwa babu rufi, to abinda ya haɗa gabanta da bayanta shine ramin giya dake tsakiya da kuma dokin ƙofa na dama da hagu, wato wannan dogon ƙarfen dake ƙasan ƙofa. Shi kuma ba falle ɗaya bane, akwati ne mai falle-falle, na waje da kake gani, na tsakiya a tsaye, na ciki da kuma na ƙasa. Tsatsa a wajen nan kamar gara take, daga ciki take ci ta bar maka fenti lafiya lau a waje, ranar da ka ga ƙuraje sun fito a fenti to ciki ya daɗe da zama gari.

Yadda ya gwada kuwa babu wani tsafi. Ya duba tazarar dake tsakanin ƙofa da jiki, in sama ya matse ƙasa ya buɗe to motar ta fara lanƙwasa a tsakiya. Ya sa aka ɗagata da jak ya buɗe ƙofa ya rufe, lafiyayyar mota ƙofar zata rufe yadda take rufewa a ƙasa. Ya bi gefen da maganaɗisu, inda ya kama ƙarfe ne inda ya zame ya faɗi fila aka cusa aka shafe da fenti. Ya ɗaga kafet ya taɓa ƙasa yaji ko da danshi, ya leƙa cikin but, ya zura tocila saman tayar gaba ta ciki inda taɓo ke taruwa, ya duba inda sifirin ɗin baya ke maƙale da jiki. Akwai ma wata 'yar tsaga da take fitowa a saman ƙofa kusa da ƙaramin gilashi, kusan duk MGB sai ka sameta ko ka ga alamar an mata walda, wannan yace kar in damu. Sai da ya gama duk wannan sannan yace to a tada. Gefen direba ras, gefen fasinja maganaɗisu ya zame a wuri biyu, mai motar da yake ta cika baki sai ya fara kallon sama. Da wannan muka yi ciniki aka rage kuɗi sosai, na ɗauka da sanin cewa akwai aikin walda a gabana.

Aikin nan shine abu mafi tsada da na taɓa yiwa motar, kuma ba ƙarfen ne mai tsada ba, hannu ne. Sai an cire fuka-fukin gaba an yanke ƙasan na baya kafin a kai ga dokin ƙofar gaba ɗaya, kuma kafin a yanka sai an tokare bakin ƙofa da ƙarfe an masa walda na wucin gadi, in ba haka ba motar na iya sakin jiki ƙofa ta ƙi komawa har abada. Naje na gani ranar da aka buɗe, wlh fallen tsakiya da hannu mai waldar yake ɓantaro shi yana zubarwa, a ciki har da tsohuwar jarida da wani ya cusa don fila ta samu wajen zama. Masu yin irin wannan ha'incin falle na waje kawai suke ɗorawa akan ruɓaɓɓe su fesa fenti su kai kasuwa. Anan ƙasar awa ake biyan mai walda, yana shan shayi agogo na tafiya, ina tsaye ina tuna mutanen Panteka a Kaduna da zasu ƙera maka wannan fallen daga gutsuren ƙarfe kafin la'asar. Abin daɗin dai akwai kamfanin British Motor Heritage da ya tattara ainihin injinan matse ƙarfe na asali, yake buga fallayen, tun 1988 kuma har ma da sabon jikin MGB sukutum, wanda tasa ta ruɓe gaba ɗaya zai iya sayen sabon jiki ya kwashe inji da giya da sauran kaya ya mayar, in aljihunsa zai ɗauka. Wasu kuma har jihohin Amurka masu bushewa irin Kalifoniya suke aikawa a sayo musu wadda rana ta ƙone mata fenti da kujeru amma ƙarfe garau, a dawo da ita Ingila a juya sitiyari.

Bayan walda sai rigakafi. Ana fesa wani kakin mai a cikin duk wani akwatin ƙarfe ta 'yan ramuka, ni duk shekara ko biyu nake sakewa lokacin zafi don kakin ya narke ya bi lungu. Akwai ƙananan hudoji a ƙasan ƙofa da dokin ƙofa da aka yi don ruwa ya fita, ina bin su da waya ina zaƙulo dattin. Babban maƙiyi kuwa gishiri ne. Da sanyi ya shigo motocin ƙaramar hukuma zasu fara bin titi da daddare suna watsa gishiri don kar ƙanƙara ta kama, wannan ruwan gishirin shi yake fantsama ƙarƙashin mota ya zauna a lungu. Ni daga ranar da na ga motar gishiri ta farko bana fitar da ita sai an samu ruwan sama mai ƙarfi ya wanke titi kuma ya bushe.

Inji kuwa, duk wanda ya tashi yana leƙa bonet ɗin Peugeot 504 a garejin unguwa babu abinda zai bashi tsoro anan. Dilko, kwantak, kwayil, fulogi huɗu, fambel guda ɗaya, babu kwamfuta babu sansa, ka buɗe bonet kana hango ƙasa ta gefen inji. Baƙin mai mai kauri yake so 20W-50, kada ka zuba masa tsinkakken nan na motocin zamani. Akwai agogon matsin mai a dashbod, idona akansa yake fiye da agogon gudu, in inji yayi zafi kana tafiya ya kamata allurar ta zauna sama da 50, a silo ta sauka ba laifi bane. Ɗigon mai kuwa dole ne, na daina faɗa dashi na sa faranti a ƙasa, dattijon nan cewa yake in ka ga ta daina ɗiga to duba ko mai ya ƙare.

Kafireton SU shi mutane suka fi tsoro saboda biyu ne, alhali yafi na 504 sauƙi. Kowanne yana da ɗan murfi baƙi a sama da ake kwancewa a ɗiga masa mai kaɗan, in wannan man ya ƙare sai ka taka totur mota tayi tari kafin ta ɗauka. Daidaita su biyun su riƙa shaƙar iska daidai wa daida da guntun tiyo aka koya min, ka cire filta, ka sa baki ɗaya a kunne ɗaya a bakin kafireto, kaji ƙarar shaƙar na gaba kaji na baya, kayi ta juya sukuru har sautin ya zama ɗaya. Maƙwabta na wucewa suna ganin ƙato da tiyo a kunne ya sunkuya cikin mota, babu wanda ya taɓa tambaya, Turawa akwai kawaici. Amma ƙa'idar da nake bi itace kafireto shine na ƙarshe da za'a taɓa. Yawancin abinda ake ɗorawa kafireto laifi daga wuta yake, kwantak ya cinye ko tazararsa ta gushe daga 0.015 na inci, kwandansa ya mutu, wayar fulogi ta tsufa, tayimin ya goce. Ka gyara bawul, ka gyara wuta, in har yanzu tana gardama sannan ka je ga mai. Ni daga baya na sa mata ɗan na'urar lantarki a cikin dilko maimakon kwantak saboda sabbin kwandansa da ake samu yanzu wasu basu da ƙarko, masu son komai na asali zasu yi tsaki, amma tsohon kwantak ɗin da kwandansa suna cikin but a leda, in na'urar ta mutu a hanya in mayar in ƙarasa gida.

Sifana ma sai ka sayi nata. Notocinta na inci ne, rabin inci, 7/16, 9/16, in ka sa mai lamba 13 akan na rabin inci zai kama kamar ya zauna sai ka ja ya murje kan notin. Sannan ga giris, abinda masu motar zamani suka manta dashi. Ƙafar gaba tana da nonuwan giris a kowane gefe, duk mil 3,000 sai ka ɗaga mota taya ta bar ƙasa ka ɗura har ka ga tsohon yana fitowa baƙi, in ka ƙyale sitiyari yayi tauri daga nan sai canjin ƙafa gaba ɗaya. Shokozobanta ma ba irin dogon nan bane, mai hannu ne kuma mai ake ƙara masa.

Fetur shima da labarinsa. An ƙera injin ne lokacin da fetur ke da darma a ciki, ita ke kare mazaunin bawul daga cinyewa, a shekarar 2000 aka daina sayar da irinsa a gidajen mai na Birtaniya, to mafita ko ka riƙa ɗiga magani a tanki ko a cire taf silinda a sa masa mazauni mai tauri. Tawa na sameta an riga an mata. Sai kuma Satumban 2021 da aka mayar da fetur na gama gari E10, wato mai kashi goma na etanol, shi kuma yana cin tsofaffin tiyon roba yana kuma jan ruwa in ya daɗe a tanki. Na canza duk tiyon mai zuwa irin wanda ke jure masa kuma mai tsadan nake sha, E5, wanda etanol ɗinsa bai wuce kashi biyar ba. Wannan ba wajen tsumulmula bane don kafireton a saman bututun hayaƙi suke zaune, tiyo ya tsage mai ya ɗiga akan ƙarfe mai zafi kafin ka tsaya an gama. Akwai tukunyar kashe gobara a bayan kujerata, ba a but ba. Famfon mai na lantarki ne yana can baya kusa da tayar dama, in ka murɗa makulli zaka ji yana tik tik tik da sauri sannan ya lafa, alamar kafireto sun cika kenan sai ka ja cok ka tada. Ranar da ka murɗa kaji shiru, ka zagaya ka ɗan ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukundireba, sau da yawa zai farka ya kaika gida, amma saƙo ya baka cewa lokacin gyaransa yayi.

Wayarin na kamfanin Lucas ne, Turawa suna da barkwanci iri-iri akansa, ni dai ban ga laifinsa ba. Duk matsalar wuta da na samu ko dai tsatsa ce a inda wayar at ke kama jiki, ko kan waya yayi kore saboda shekaru, ko kuma aikin wani mai motar na baya da ya yanka ya ƙulla ya naɗe da salatif don ya sa rediyo. Tsarin kansa mai hankali ne in ka haddace launi, ruwan ƙasa wuta ce kai tsaye daga batir ba fiyus, fara tana zuwa in an murɗa makulli, koriya itace farar bayan ta bi ta fiyus, shunayya wuta ce ta kullum mai fiyus, ja ƙananan fitilu, shuɗiya manyan fitilu, baƙa at. Fiyus huɗu ne kacal a motar gaba ɗaya. In sigina ta fara wasa ko ka taka birki fitilar wani wuri ta kama, kar ka nemi rewaya, kwance baƙar waya ka goge wajen da sanfefa ka shafa ɗan giris ka mayar. Batir kuma ba'a bonet yake ba, a bayan kujeru yake ƙarƙashin wani murfi, kuma na wancan shekarun guda biyu ne masu ƙarfin wuta volt shida-shida aka haɗa. Saboda ɓoye suke mutane basa dubawa sai sun mutu.

Sai maganar ajiya, wadda ita mutane basa yarda da ita sai sun gani. Kowa tunaninsa tsohuwar mota a lallaɓata a rufe da mayafi a fito da ita sau biyu a shekara. Wallahi wannan ne yake kasheta. In ta zauna, birkin baya ya kama ya ƙi saki, faifan kuloci ya manne da fulawil ka taka giya ta ƙi shiga, robobin birki su bushe su fara yoyo, fetur ya tsufa ya zama danƙo a kafireto, taya ta kwanta gefe ɗaya, danshi ya taru a salansa ya hudata daga ciki, ɓera ya samu kujera ya haihu. Dattijon nan yana da wani aboki da ya kashe maƙudan kuɗi ya mayar da tasa sabuwa dal, saboda tsabar so baya fita da ita, ita tafi tawa zuwa gareji. Tada ta a tsaye na minti biyar ma ba taimako bane, ƙara mata ruwa kake a inji da salansa don bata yi zafin da zai ƙone shi ba. In zaka tada to ka fita kayi tafiyar da allurar zafi zata hau ta zauna, ka taka birki sosai, ka shiga kowace giya. Lokacin sanyi da dole ta kwana biyu, ina cika tanki, in ƙara iskar taya, in saki birkin hannu in sa katako a taya, in jona batir da ƙaramar caja mai ɗigo, in bar gilashi a ɗan buɗe, rufin tamfol kuma a ɗage a ɗaure don in ka barshi a naɗe cikin sanyi ya ƙanƙance, ranar da zaka rufe sai kunyi kokawa. Man birki duk shekara biyu nake zubarwa ko nayi tafiya ko banyi ba saboda ruwa yake sha daga iska.

Ta fannin takardu gwamnatin nan ta kyauta wa masu tsofaffin motoci. Motar da ta haura shekara 40 in ka mata rajista a matsayin ta tarihi baka biyan harajin hanya, kuma tun 2018 an ɗauke mata gwajin shekara-shekara na MOT in dai ba'a canza mata fasali sosai ba, kuɗin hayaƙi na ULEZ da ake karɓa a Landan ma bai shafeta ba. Amma ni duk shekara sai na kaita gwajin nan na biya da kuɗina, ina so wani wanda baya sonta kamar yadda nake sonta ya ɗagata sama ya duba birki da ƙafa da idon da babu sani babu sabo. Inshorarta tafi ta motar da nake zuwa aiki araha nesa ba kusa ba, sharaɗin dai ku amince kan darajarta tun farko da hotuna, ku kuma ƙayyade mil nawa zaka yi a shekara. Taya kuma kar zanenta ya ruɗeka, irin waɗannan motocin basa cinye taya tsufa take a jikinsu, akwai lamba huɗu a gefenta biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, in ta doshi shekara goma a cire ko da zanen na nan kamar jiya aka saya. A gidan tarihin motoci na Gaydon har takardar shaida zaka iya nema daga kundin masana'anta, su gaya maka ranar da aka ƙera taka da launin da ta fito dashi.

Tuƙin kansa aiki ne. Sitiyari ba mai taimako, wajen fakin sai ka sa ƙarfi, birki sai ka taka da niyya, babu jakar iska babu komai, in tirela ta jera da kai a babbar hanya notin tayarta kake kallo, shi yasa nake gudun manyan hanyoyi in bi na ƙauye ta wajen Cotswolds inda hanya ke lanƙwasa tsakanin katangun dutse. Tana da obadaraif a giya ta uku da ta huɗu, ɗan makunni ne a dashbod, kana taɓawa kaji inji ya sauke murya mota ta miƙe, duk mai neman MGB ya nemi mai shi. In ana ruwa rufin yana hana mafi yawa, sauran ta kusurwar gilashi yake biyowa ya sauka a gwiwar dama. Da zafi kuma ramin giya na gasa maka ƙafa. Hula bata zama, ranar wata Sallah na ɗauka zan burge jama'a a filin idi da babbar riga, kafin shataletale na biyu zanna bukar ɗina tana kan kujerar fasinja na danne da waya, babbar rigar kuma sai da na tattare ta a cinya don kar ta kama giya. Uwargida ta shiga 'yan lokuta tace ita mayafinta yafi ƙarfin wannan iskar, kuma har yau tambayarta ina za'a sa yara. Bani da amsa, motar mutum biyu ce, yaran dai layi suke bi ɗaya bayan ɗaya zuwa sayen burodi. Abin mamaki Turawan nan da zaku shekara kuna haɗuwa a layi ba ko sannu, ka tsaya shan mai da ita sai tsoho ya taho yana baka labarin tasa da ya sayar da zai yi aure. Akwai wata Lahadi a watan Afrilu da masu tsofaffin motoci ke fitowa gaba ɗaya a faɗin ƙasar, ranar kowa ɗaga maka hannu yake.

Da na tura hotonta gida Hajiyarmu cewa tayi, "Kai yanzu duk motocin garin nan ka rasa wadda zaka saya sai wadda ba'a gama ba?" Yayana kuma kullum maganarsa in sako ta a jirgin ruwa in kawo, wai a Kano tsatsa bata da abinci. Ta wannan fannin yana da gaskiya, kuma duk wani tsohon bakanike da ya san kwantak da kafireto zai riƙeta. Amma sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa tun 1972 ta koma tuƙi a hannun dama kuma ba'a yarda da rajistar mai sitiyari a dama, sai an juya. Ga ta a ƙasa sosai, salansarta bata wuce tsawon tafin hannu daga kwalta ba, tudun rage gudu ɗaya na cikin unguwa ya isa ya tsinke ta, ga lagireton da aka yi don sanyin Ingila a sa shi a gosulo cikin watan Afrilu, ga ƙurar hunturu a mota mara rufi. Nace masa Yaya bari dai in kazo ka tuƙa anan.

Yanzu abinda ke gabana kuloci ne, ya fara kamawa can sama kuma in na taka a giya ta huɗu kan tudu inji na tashi gudu baya ƙaruwa. A MGB ba'a canza kuloci sai an zare inji gaba ɗaya, don haka na bari sai sanyi ya shigo ta zauna, in ari ƙugiyar ɗaga inji wajen 'yan ƙungiyar masu MG na yankinmu, tunda an fitar kuma sai a canza robar mai ta bayan inji da robobin da yake zaune akai, a wanke wajen a duba ko tsatsa ta fara a ƙasan inda man birki ke ɗiga. Dattijon yace zai zo ya riƙe tocila amma bayansa ya daina ɗaukar nauyi, ɗaga ƙarfen ni da babban ɗana ne.